Rigar Aro da Amanar Tela

A cikin fannonin wasan kwaikwayo da mutanen Turai suka gada daga kakanninsu akwai wani guda da suke kira opera, wanda galibin zancen cikinsa rera shi ake yi, har gaisuwa da gardama da wasiyyar mai barin duniya, makaɗa kuwa suna zaune a wani wuri mai zurfi gaban dandali suna raka muryoyin da goge da sarewa da ƙaho. Asalinsa ƙasar Italiya ne, a birnin Fulorens, wajen ƙarshen ƙarni na 16. A shekarar 1607 Claudio Monteverdi ya fito da wasansa L'Orfeo a fadar Mantuwa, wanda har yau ake yin sa, a 1637 kuma aka buɗe a Venis gida na farko da duk mai kuɗin shiga zai je ya kalla ba tare da gayyatar sarki ba. Tun daga wancan zamani, ko da yake sunan da ke fita gari na mawallafin kiɗa ne da na mawaƙi, akwai wani ma'aikaci na uku wanda aikinsa ke riga na kowa isa ga mai kallo, shi ne tela, domin kafin mawaƙi ya buɗe baki ya ce uffan, tufar da ke jikinsa ta riga ta gaya wa dukan zauren ko shi basarake ne ko bara, ko mai shekaru ne ko matashi, ko mutum ne da ya saba a miƙe masa in ya shigo.

Mas'alar da nake so in duba ita ce ta jin daɗin da mutum ke samu a ransa in ya ga namiji ya fito wannan dandali cikin kwat wadda aka yanka daidai da shi, kafaɗa ta zauna, baya ya kwanta lafiya lau babu ƙundumi, har mai kallo ya shagala da ita ya bar sauraron waƙa na ɗan lokaci. Mene ne hukuncin wannan sha'awa a wajen mai hankali da addini? Shin lagawu ce da ruɗuwa da zahiri, ko kuwa akwai wani haƙƙi a cikinta da ya kamata a ba shi? Abin da ya ƙara wa tambayar nauyi abu biyu ne: na ɗaya, tufar ta aro ce, mai sanye da ita kuma yana da'awar zama wanda ba shi ba, na biyu, a da yawa daga cikin waɗannan wasanni, kwat mafi kyan ɗinki a jikin mafi munin hali take. Maganar halaccin kiɗa da waƙa kuwa babi ne mai zaman kansa wanda malaman fiƙihu suka daɗe da yin saɓani a cikinsa, kowa da hujjarsa, ba kuma shi na nufa a nan ba; magana ta a kan allura da zare take, da idon da ke kallon abin da suka haifar.

Kafin a yanke wa abu hukunci wajibi ne a san haƙiƙarsa, saboda haka bari mu shiga cikin kwat ɗin mu ga abin da ke ciki. Yadin ulu shimfiɗaɗɗen abu ne, jikin ɗan Adam kuwa babu inda ya shimfiɗu a cikinsa, ga tudun ƙirji, ga kwarin baya, ga kafaɗa ɗaya da kusan kullum ta fi 'yar'uwarta sauka. Dukan ilimin tela na Turai a kan sulhunta waɗannan biyu ya tsaya. Tsakanin yadin waje da shafi yakan sa wani kakkauran ƙyalle da aka saƙa da gashin doki, ya ɗinke shi da hannu da ƙananan ɗinki masu yawa, layi bayan layi, yana naɗe ƙyallen a kan yatsansa yayin da yake ɗinkin, domin ninkin da ke gangarowa daga kwala zuwa maɓalli ya lanƙwasa da kansa maimakon ya karye kamar takarda. Sa'an nan ya ɗauki dutsen guga mai nauyi da ruwa, ya tsuke ulun a inda yake son rami, ya buɗa shi a inda yake son tudu, gama ulu yana karɓar siffa da zafi da danshi ya kuma riƙe ta. Hannun riga yakan yanka shi ya fi ramin da zai shiga faɗi, ya bi da rarar a hankali har ta ɓace ba tare da tattara ba. Alamar da masana ke fara dubawa ita ce kwala: in mutum ya juya, ko ya sunkuya, ko ya ɗaga hannu, ta bi wuyansa ba ta rabu da shi ba, to mai ɗinkin ya san aikinsa.

Telan opera yana da dukan waɗannan wahalhalu, da wasu kuma a kansu waɗanda telan kasuwa bai san su ba. Mutumin da zai tufatar mawaƙi ne wanda zai cika zaure mai ɗaukar mutum dubu biyu ko fiye da muryarsa kaɗai, ba tare da na'urar ƙara sauti ba, haƙarƙarinsa yana buɗewa ta gaba da ta baya da kowane numfashi. In falmaran ta matse shi murya ta tawaya, in an sake ta kuma ya fito kamar wanda ya sa kayan yayansa. Dole a ɓoye wa numfashi wuri a inda ido ba zai gani ba. Wannan mutumin zai zare takobi, ya durƙusa, ya faɗi matacce, sa'an nan ya tashi ya rusuna wa masu tafi, saboda haka akan ɗaga ramin hammata sama, wani lokaci a sa masa ɗan ƙyalle a ciki, domin hannu ya tashi ba tare da ya janye dukan rigar ba. Launin da ya yi kyau da rana yakan mutu ƙarƙashin fitilun dandali. Abin da na kujerar gaba ke gani a kusa dole ya zama mai tsafta, abin da na can saman bene ke hangowa kuma dole ya zama mai siffa bayyananniya, riga ɗaya ce kuwa za ta gamsar da su duka. Kuma tun da wasa ɗaya yakan shekara da shekaru ana maimaita shi da mawaƙa dabam-dabam, wani siriri wani mai jiki, akan bar rarar yadi mai yawa a cikin ɗinki domin a buɗa ko a tsuke, a kuma maƙala ɗan ƙyalle a ciki mai ɗauke da sunan wanda ya sa ta. Gidan La Scala na Milan, wanda aka buɗe a 1778, ya mayar da ma'aikatunsa zuwa tsohuwar masana'antar Ansaldo a 2001, inda ake ajiye da tufafin wasa fiye da 60,000.

Wanda ya san wannan, in ya ga kwat ɗin ta fito dandali ya ji daɗi, abin da ya faranta masa rai ilimi ne da haƙuri da suka ɗauki siffar yadi. Hujjatul Islami Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekarar 1111, ya yi bayani a babin soyayya na littafinsa Ihya'u Ulumiddini cewa kyan kowane abu shi ne samuwar kamalar da ta dace da shi a cikinsa, ta yadda abin da ke sa doki ya yi kyau dabam yake da abin da ke sa rubutu ya yi kyau, kuma ana son kyakkyawan abu saboda zatinsa ko da babu wata fa'ida da za a ci daga gare shi, kamar yadda ake son kallon tsanwan ganye da ruwa mai gudana ba don a ci ko a sha ba. In muka bi wannan ƙa'ida, kamalar kwat ita ce ta suturta, ta dace da jiki, ta bar shi ya motsa, ta kuma faɗi gaskiyar matsayin wanda aka nufa da ita. In waɗannan sun taru a cikinta kyakkyawa ce, kuma idon da ya gane haka ya yi aikin da aka halicce shi dominsa. Alƙur'ani mai girma ma, a Suratul A'arafi, da ya ambaci ni'imar tufafi ga 'yan Adam, ya haɗa sutura da ado a cikin ni'imar, kafin ya nuna cewa tufar taƙawa ta fi su alheri, kuma fifita abu a kan wani ba ya nufin an haramta wanda aka fi. A cikin surar dai aka yi inkari ga masu haramta ƙawar da Allah ya fitar domin bayinsa.

To amma malamanmu ba su ji tsoron tufafi a banza ba. Abin da suka ji wa tsoro ciwon zuciya ne da ke bin tufa kamar inuwa, wato girman kai da ujubu da riya. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'udu, Allah ya yarda da shi, cewa da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan girman kai ko da gwargwadon ƙwayar zarra ne, sai wani mutum ya kawo damuwarsa cewa mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Amsar da aka ba shi kuwa ta raba abin gida biyu, ta sanya kyau cikin abin da Ubangiji ya siffantu da shi kuma yake so, ta kuma iyakance girman kai a kan ƙin gaskiya da raina mutane. A rayuwar yau da kullum wannan rarrabewa tana da wuyar aiwatarwa, domin in attajiri ya shigo taro da babbar riga mai aska takwas, wadda wani maɗinki a Zariya ya ƙare idonsa a kanta wata da watanni, mu da ke zaune ba mu iya tantance abin da ya sa muka gyara zama, ko aikin allurar ne, ko dukiyar mai rigar, ko tsoron abin da zai iya yi mana. Shi ma kansa ba ya iya tantance ko shi ake girmamawa ko rigar. Dandalin opera yana warware wannan ƙulli ta hanyar da ba a tsammani. Kwat ɗin da ke jikin mawaƙi ba mallakarsa ba ce, bai saye ta ba, ba zai tafi da ita gida ba, an san haka, shi ma ya san an sani. Da an rufe labule mai kula da tufafi zai karɓe ta ya rataye, wata shekara wani ya sa. Babu wanda zai yi alfahari da ita, babu kuma wanda za a raina saboda rashinta. Abin da ya rage bayan an cire mallaka da alfahari shi ne aikin tela tsantsa, kuma da wuya mutum ya sami wani wuri da zai kalli kyan tufa da zuciya mai tsarki kamar nan.

Mai ja zai ce, ai Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma mutumin da ya sa kayan basarake alhali ɗan manomi ne ya yi ƙarya da jikinsa. Amsata ita ce sharaɗin ƙarya shi ne nufin mai ji ya gaskata abin da ba haka yake ba, sharaɗin riya kuma shi ne a ɓoye niyya a bayyana kishiyarta; a gidan wasa kuwa an buga sunan mawaƙin na gaskiya a takarda an raba wa kowa tun daga bakin ƙofa, don haka babu wanda aka yaudara, abin ya fi kusa da buga misali, wanda malamai da masu wa'azi ba su taɓa rabuwa da shi ba. Su kansu mawallafan opera sun san bambancin, har sun sa yaudara da tufafi ta zama abin da wasa ke tonawa. A cikin Don Giovanni na Mozart, wanda aka fara yi a birnin Prag a 1787, fajirin basaraken nan yakan tilasta wa baransa Leporello su yi musayar alkyabba da malafa cikin duhun dare, domin baran ya janye matar da ubangidan ya yaudara ya yasar, shi kuma ya samu damar neman kuyangarta. Matar ta bi alkyabba tana zaton mijinta ne, masu neman fansa su ma suka bi alkyabba har suka kusa halaka baran, sai da ya tuɓe ta ya nuna fuskarsa yana roƙon a bar shi da rai. Mai kallo yana ganin rigar aro iri biyu a lokaci guda, ɗaya wadda aka sanar da shi tun farko, ɗaya wadda aka yi don cutar da baiwar Allah, kuma babu wanda ke zaune a zauren da zai kasa gane wadda take zunubi.

Shubuhar da ta fi wannan ƙarfi ita ce ta azzalumi mai kyan shiga, kuma babu inda ta bayyana kamar a Tosca na Giacomo Puccini, wanda aka fara yi a gidan Costanzi na birnin Rum ran 14 ga Janairu, 1900. Labarin yana faruwa ne a Rum a watan Yuni na 1800, kwanakin yaƙin Marengo, kuma mai iko da birnin a aikace shi ne Baron Scarpia, shugaban 'yan sanda. Al'adar gidajen opera ita ce a fito da shi cikin kwat mai duhu ta karammiski ko ulu mai laushi, da farin leshi a wuya da bakin hannu, da wando iya gwiwa, da takalmi mai ƙarfe a goshi, babu wanda ya kai shi tsari a dukan dandalin. A kashi na biyu yana zaune a ɗakinsa a fadar Farnese yana cin abincin dare, a ɗakin da ke kusa kuwa yaransa suna azabtar da mai zane Cavaradossi don ya faɗi inda ya ɓoye wani fursunan siyasa da ya tsere, shi kuma yana yi wa mawaƙiya Tosca magana da ladabi, yana miƙa mata kujera, yana ciniki da ita a kan mutuncinta da ran masoyinta Cavaradossi. Wanda ya kalli hoton majigin da aka ɗauka na wannan kashi a gidan Covent Garden na Landan a 1964, inda Franco Zeffirelli ya tsara wasan, Marcel Escoffier ya zana tufafin, Tito Gobbi ya fito a Scarpia, Maria Callas kuma a Tosca, zai ga yadda mutumin ke tafiya cikin kayansa kamar an haife shi da su, ihu yana fitowa daga ɗaya ɗakin amma ko farin da ke wuyansa bai karkace ba.

Shin wanda ya yaba wannan kwat ya yi tarayya da zalunci? Ni dai ina ganin bai yi ba, kuma ina ganin telan da ya ɗinka ta da kyau ya fi wanda zai ɓata ta da gangan riƙon amana. Da an fito da Scarpia cikin tsumma, da fuska a murtuke da riga a yamutse, da an koya wa mai kallo ƙarya mai hatsari, wato cewa ana gane mugu daga nesa. Tarihin duniya kuwa ya shaida akasin haka: da yawa daga cikin waɗanda suka sa hannu a takardun kisa sun sa shi ne da hannu mai tsafta da ya fito daga hannun riga mai guga. Kyan ɗan maciji da magabata suka faɗa ke nan. Telan ya ba da shaida ta gaskiya a kan yadda iko ke tufatar da kansa, shaidar kuwa ba za ta karɓu ba sai ɗinkin ya kai matuƙar kyau har ya ja zuciyar mai kallo, domin sai zuciyar ta jawu sa'an nan mutum zai gane cewa irin wannan jawuwa ce ke sa a miƙa wuya ga azzalumai a wajen gidan wasa. A nan ne kuma iyakar halaccin sha'awar take, gwargwadon fahimtata. Muddin abin da mutum ke yabawa shi ne yadda kafaɗa ta zauna da yadda kwala ta bi wuya, yana yabon ma'aikaci ne a kan aikinsa. Amma in ya wayi gari yana burin ya zama shi ne mai shigowa ɗaki kowa ya yi tsit, yana son kwat ɗin saboda tsoron da take sawa, to sha'awar ta tashi daga kan yadi ta koma kan sarautar zalunci, kuma wannan ciwo a zuciyarsa yake tun kafin ya sayi tikiti.

Scarpia dai mugu ne bayyananne, hukuncinsa ba ya ba da wahala. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Giorgio Germont na cikin La traviata na Giuseppe Verdi, dattijo mai mutunci daga kudancin Faransa, wanda ke zuwa da doguwar kwat mai duhu, da sanda, da malafa a hannu, wajen Violetta, matar da ta bar rayuwar bariki ta Faris ta zauna da ɗansa Alfredo. Ya zo yana zaton tana cinye dukiyar ɗansa, sai ta nuna masa takardun da ke tabbatar da cewa nata kayan take sayarwa tana riƙe gidan. Duk da haka ya nemi ta rabu da yaron, domin zaman nasu zai ɓata auren 'yarsa, ta kuwa yarda, tana fama da tarin fuka, ta koma ta mutu cikin talauci, nadamarsa ta zo lokacin da ba ta da amfani. Wannan mutum ba ya ƙarya, ba ya neman wani abu don kansa, yana tsoron abin da mutane za su ce ne, har ma shi ne ya tsawata wa ɗansa a bainar jama'a ranar da ya wulaƙanta matar. Kwat ɗinsa ita ce hujjarsa mafi ƙarfi a wannan ganawa, domin ita ke cewa ga mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba, kuma gabanta ne Violetta ta sunkuyar da kai. Telan da zai yi masa ɗinki dole ya yi abin da babu ƙyalli a cikinsa ko kaɗan, yadi mai kyau, yanka na tsohon yayi, komai a rufe har wuya, ta yadda mai kallo zai girmama shi da gaske kafin ya ga abin da girmamawar ta jawo.

Hukumar gidan La Fenice na Venis ta fahimci ƙarfin wannan shaida tun ranar farko. Verdi ya so a yi wasan da tufafin zamaninsa, irin waɗanda masu kallo suka sanyo daga gida, amma da aka fara shi a gidan ran 6 ga Maris, 1853, sai aka mayar da labarin baya zuwa wajen shekarar 1700, aka sa wa maza kayan zamanin da ya shuɗe. Ma'anar wannan a fili take: muddin Germont yana sanye da leshi da gashin aro na kakanni, labarin na waɗansu mutane ne da suka riga suka mutu, in kuwa ya fito da irin baƙar kwat ɗin da ke jikin mutumin da ke kujera ta uku, labarin ya zama nasa. Sai bayan shekaru masu yawa aka saba da yin wasan da tufafin ƙarni na 19, kamar yadda Luchino Visconti ya yi a La Scala a 1955, da zanen Lila de Nobili. Tufar da har masu iko za su ji tsoron a nuna ta, da wuya a ce wasa ce kawai.

Akwai wani abu da ya kamata a lura da shi a gefe. Wannan baƙar kwat marar ado sabuwar aba ce a tarihin Turai. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 manyan mazansu alharini suke sawa mai launi da surfani na zinariya, abin da shari'armu ta hana maza in ban da ɗan abin da bai wuce faɗin yatsu huɗu na alharini ba. Daga baya yayi ya juya zuwa ulu mai duhu da farar riga mai tsafta, aka mayar da dukan gwaninta kan yanka da dacewa, kuma sunan da aka fi dangantawa da wannan juyi shi ne George Brummell na Landan, wanda aka haifa a 1778. Mai gaggawa zai ce sun matso kusa da sunna ke nan, ta fuskar yadi kuwa haka ne. Sai dai mutumin nan yakan ɓata sa'o'i a gaban madubi yana gyara ɗaurin wuya, bashi ya kore shi zuwa Faransa a 1816, ya mutu a birnin Caen a 1840 babu dukiya babu hankali. Irinsa ne Onegin na wasan Tchaikovsky da aka fara yi a Mosko a 1879, matashi mai tsararriyar shiga da sanyin zuciya, wanda ya harbe amininsa a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Girman kai yana iya zama cikin ulu marar ado kamar yadda yake zama cikin zinariya, malaman tasawwufi ma sun daɗe da gargaɗin cewa yana iya zama cikin jibba mai faci.

Wanda ya fi cancantar a tsaya a kansa a ƙarshen lissafi shi ne ma'aikacin. Malaman tafsiri da na ƙissoshin annabawa sun ambaci cewa Annabi Idirisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki da allura, wannan kuwa ya isa sana'ar daraja. An san sunayen kaɗan daga cikin masu wannan aiki, kamar Umberto Tirelli, wanda ya kafa gidan ɗinkin tufafin wasa a Rum a 1964, ya kuma tara tsofaffin tufafi na ainihi yana nazarin yadda aka yanka su domin ya san hanyar magabatansa. Amma mafi yawan hannuwan da suka yi ɗinkin ba a buga sunansu a ko'ina ba. Ƙananan ɗinkin nan da ke cikin ƙirjin kwat, tsakanin yadi da shafi, babu mai kallon da zai taɓa ganin su, ko mawaƙin da ke sanye da ita bai gan su ba. Tasirinsu kaɗai ake gani. Mutumin da ya zauna ya jera su daidai, alhali ya san da ya yi ha'inci ya manna da gam babu mai tuhumarsa a daren farko, ya yi abin da addini ke kira ihsani da kyautata aiki, ko da shi ba da wannan suna ya san shi ba. Rashin yaba irin wannan aiki, don kawai an yi shi a gidan wasa, ni a wurina tauye haƙƙi ne, mun kuwa san an hana mu tauye wa mutane kayansu.

Saura maganar israfi, wadda ba za a kawar da kai daga gare ta ba, domin kuɗin da ake kashewa wajen tufatar da mawaƙa da 'yan amshi na wasa guda ba kaɗan ba ne, a duniyar da wasu ba su da abin rufe jiki. Inda aka ɗinka ɗaruruwan riguna don fahari, aka yi wasa kwana kaɗan aka watsar, hukuncin almubazzaranci ya hau, ba ni da abin kare shi. Amma ma'aunin israfi a wajen malamai shi ne sanya dukiya a inda ba ta dace ba ko fiye da yadda ya dace, kuma kyakkyawan ɗinki shi ne ke sa tufa ta daɗe, rarar yadin da aka bari a ciki ita ke sa ta karɓi jiki bayan jiki, kuɗin kuma albashin masu yanka ne da masu guga da masu rini da almajiran da ke koyon sana'a a hannunsu. Tsarin Tosca da Zeffirelli ya yi a Covent Garden a 1964 an ci gaba da yin sa a gidan, mawaƙa suna zuwa suna wucewa, har zuwa 2004, shekara 40 ke nan.